Kajin Inna Za Su Bunguɗu

Zuwa ga ɗiyata ta fari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Bunguɗu lafiya, ke da Gwaggonki Asabe, da kayanki, da kwandon da kika ɗauko. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya sa ki shiga aikin koyarwar nan da ƙafar dama.

Na sa takardar ƙarƙashin abin sallarki a cikin akwati don kada ki gan ta sai kin isa. Sunanki ba zan rubuta ba, kin san ban taɓa kiransa ba, haka muka taras ana yi wa ɗan fari. Shekara goma sha tara muna gida ɗaya, maganarmu ba ta wuce ta tuwo da wanki. Amma akwai abin da ba zan bari ki tafi ba ki ji shi ba, kuma hannuna ya fi bakina ƙarfin hali.

Kajin da ke cikin kwandon nan, wake-wake huɗu masu gajerun ƙafa da ɗan zakaransu, ba kajin kasuwa ba ne. Irin Inna ne, mahaifiyata. Ranar da za a kawo ni Tsafe daga Ruwan Ɓore, ta kama kaza guda ta ɗaure ƙafafunta da tsumma ta miƙa wa masu rakiya, ta ce gidan da babu kukan kaza kango ne. Inna ta rasu, gidanmu na can ya zama gona, tasoshin da ta ba ni duk sun tsufa sun fashe. Abin da ya rage mini nata mai rai shi ne kajin nan. Na zaɓo miki waɗanda suka fi iya kwanci da kiwon 'ya'ya. In suka ƙare a hannunki, rabin abin da nake da shi na Inna ya tafi. Ni na kusa ƙarar da su gaba ɗaya, kuma ba shirwa ba ce ta yi mini ɓarnar, ba muzuru ba. Kunyata ce. Kin gaji kunyar nan, shi ya sa nake rubuto miki.

Kina da shekara takwas aka yi sunan ƙanenki Sani. Sanyi ya fara shigowa a lokacin. Gwaggonki ta zo daga Bunguɗu da wani jan zakara dogo, ta kwance shi a tsakar gida gaban mata. Ina zaune bakin ƙofa da jariri, na ji ya yi atishawa. Na kasa kunne, na ji wani ɗan gurgur a maƙoshinsa, na ga idonsa guda yana ruwa. Inna ta sha gaya mini cewa baƙon kaza a kife shi da kwando a gefe har a ga halinsa. Na san haka sarai. Amma Gwaggonki ta ce, da muryar nan tata da ake ji har zaure: "Amarya, sake shi cikin naki ya gyara miki iri. Waɗannan gajerun naki ko turmi ba su iya hawa." Mata suka yi dariya. Yayar mijina ce, baƙuwa ce, kyauta ta kawo. Na ga idan na sa aka kife shi, tamkar na ce ta kawo mini cuta ne. Na sunkuyar da kai na ce an gode, Allah Ya saka da alheri. Kafin la'asar yana cin dusa a kasko ɗaya da kajina.

To, ki riƙe wannan. Duk kazar da ta shigo hannunki daga waje, ta kasuwa ce ko ta kyauta, ko daga hannun wa ta fito, ki keɓe ta sati biyu cur. Ki ba ta kaskon ruwanta da na abincinta, nesa da akurki, kuma ki fara ba naki abinci kafin ki je wurinta. Kaza tana iya ɗauke da cuta tana tafiya da ƙafarta garau. Mai kyauta bai san abin da ke maƙoshin kyautarsa ba, don haka keɓewa ba zargi ba ne. Ki yi godiya da baki, ki kife kwando da hannu.

Kwana huɗu bayan suna na buɗe akurki da safe, kaji uku suka ƙi fitowa. Sun takure, sun saki fukafukai, suna miƙa wuya suna buɗe baki kamar mai neman iska a cikin rijiya. Kashinsu ruwa-ruwa, kore. Washegari zakaran ya mutu, zankonsa ya yi baƙi. Wata farar sagara da nake so wuyanta ya murɗe, tana kallon sama tana zagaya wuri ɗaya. A nan na yi kuskure na biyu. Na daka barkono na zuba musu a ruwa. Na jiƙa sassaƙen maɗaci. Na aika aka sayo mini kafson nan ja da yalo wurin mai tebur, na farke na barbaɗa a dusa. Kowace maƙwabciya da nata maganin, kowanne na gwada. Babanku ya ce bari ya yi wa malamin dabbobi magana a sakatariya, ya zo ya duba. Na ce masa wa ya taɓa kiran malamin dabbobi don kaza, ai na shanu ne da dawaki, dariya za a yi mana. Ya ƙyale ni. Gaskiyar da ban gaya masa ba ita ce, ina tsoron malamin ya tambayi inda cutar ta fito, in rasa yadda zan yi in ambaci zakaran yayarsa.

Ba na zagin barkono da maɗaci, da su muka tashi. Amma kwana shida na yi ina jiƙe-jiƙe, kowace safiya ina fitar da gawa. Abin da na gane daga baya shi ne, cututtukan numfashi na kaji suna kama da juna a ido. Akwai wadda magani ke ji, akwai wadda ba ta da magani sai rigakafi tun kafin ta zo, akwai wadda tsutsa ce a maƙogwaron 'yan tsaki. Ni da ke ba za mu bambanta su daga bakin akurki ba. Kafson da aka yi don mutum, kina ba da shi ne a makance, ba ki san ko ya yi yawa ko ya yi kaɗan ba. Duk kwanan da kika ɓata kina gwaji, cutar ba ta zauna jiranki ba.

Kuskure na uku shi ne wanda har yau nake istigfari a kansa. Da na ga sun kusa ƙarewa, aka ba ni shawarar da ake ba kowa: ki fitar da masu sauran ƙarfi kasuwa kafin su mutu miki a banza. Na ba dillaliya guda biyar ranar kasuwa. A cikin waɗanda suka saya har da Laraba mai ƙosai ta bayan masallaci, wadda da ƙwan kajinta take riƙe marayunta. Kwana goma akurkinta ya zama wayam. Ta zo yi mini barka da arziƙin jariri, ta zauna a tabarmata tana cewa annoba ce Allah Ya kawo gari, ba laifin kowa ba ne. Ina jin ta, na kasa ɗaga ido. Sai da aka shekara biyu na iya taka ƙafa gidanta da 'yan tsaki a ƙwarya, na gaya mata abin da na yi, na roƙi gafara. Ta yafe, amma ta ce da na faɗa tun a lokacin da ta ceci nata.

Kada ki taɓa fitar da kaza daga gidan da cuta ta shiga, ba sayarwa, ba kyauta, ba aika wa mai jego. Wadda ta mutu kada a jefa ta bola ko bayan katanga inda kare zai ja ta gidan wani. A haƙa rami mai zurfi a binne, ko a ƙone. Ki gaya wa maƙwabta su tsare nasu. Nauyin faɗar ya fi sauƙi a kan nauyin da na ɗauka shekara biyu.

Kaza ɗaya tak ta tsira. Wata wake-wake ce da ta ƙi akurki ta je ta yi kwanci a tsohon kasko ƙarƙashin gadona, sati uku ba ta haɗu da 'yan uwanta ba, a ɗaki nake ba ta tsaki da ruwa. Ba dabarata ba ce, taurin kanta ne da ikon Allah. Duk kazar da kika sani a gidanmu daga gare ta ta fito.

Yanzu bari in zo kanki. Ban taɓa yi miki maganar nan ba, ko da yake babu matar unguwar nan da ban ba labarin ba a bayan idonki.

Daminar shekarar da aka ba mu jiha, kina aji uku na sakandare. Ruwa ya yi yawa, ni kuma don tausayi na toshe duk ƙofofin iska na akurki da tsumma, kada sanyi ya kama su. Ƙasa ta jiƙe, kashi ya taru, in ka buɗe wari ya bugi idonka har hawaye. Kaji suka fara atishawa. Biyu fuskarsu ta kumbura, ido ya liƙe, hanci yana zubar da majina mai wari. Na ce shi ke nan, cutar nan ta dawo. Kuma kin san abin da na yi? Na ɗauko turmin barkono. Shekara bakwai da darasin, hannuna bai koyi komai ba.

Ke ce kika tsaya a bakin madafi kina murza gefen mayafinki, ke da baƙo in ya yi sallama sai a neme ki a bayan ƙyaure. Kika ce a hankali: "Umma, zan kai guda ɗaya asibitin dabbobi a Gusau." Malamin dabbobinmu yana daji wurin allurar shanu a makon. Na ce wa zai saurare ki. Sai kika je kika tambayi Babanku, ya kai ki tasha ya damƙa ki hannun direban da ya sani. Kika sa kazar a kwali mai huji, kika rufe da tsohon zane.

Matar direban ce ta ba ni labarin mota. Wai kwandasta ya ce ita ma hajiyar cikin kwali sai ta biya kujera, wani tsoho ya ce a sauke ta a yanka a sha romo tun tana da nama, mota duk ta ɗauki dariya, ke kuwa kin kafa ido a kan kwalinki har Gusau. Na asibitin dabbobi kuma daga bakin wani mai sayar da shanu ya dawo Tsafe, shi da kansa yake ba da shi a kan kansa. Ya ce yana tsaye da bijiminsa, sai ga yarinya da kayan makaranta ta shiga layi da kwali. Ya ce mata, 'yan mata, nan layin manya ne, kaza ai wuƙa ce likitanta. Ya ce kika ɗago kika ce: "Baba, ita ma numfashi take yi." Ya ce bai san lokacin da ya ja bijiminsa ya ba ki wuri ba.

Likitan, mutumin kudu ne da ke zaune Sabon Gari, Hausarsa a karkace amma ana ganewa. Ya fara tambayoyi, sai kika buɗe littafin makaranta. Ashe tun ranar farko kina rubutawa: yaushe aka fara atishawa, guda nawa, wace ta daina ci, yaya kashinsu yake, ko an kawo baƙuwar kaza, har da tsumman da na toshe. Ya kira ma'aikatansa ya nuna musu, ya ce da masu shanu za su riƙa zuwa da irin wannan da aikinsa ya yi sauƙi. Ya ce ba mai kisan nan ba ce, mura ce mai kumbura fuska, kuma tana jin magani in an zo da wuri. Ya ba ki na zubawa a ruwa, ya ce a cika kwanakin ko sun warware, kada a ci ƙwansu sai ranar da ya faɗa, a ware marasa lafiya, a cire tsumman nan yau yau, a share akurki a zuba busasshiyar ƙasa. Ya ce waɗanda suka warke suna iya riƙe cutar a jikinsu, kada a bayar da su. Ya kuma gaya miki waccan mai murɗe wuya ba ta da magani a ko'ina, sai rigakafin da ake ɗigawa a ido, ana maimaitawa lokaci zuwa lokaci.

Ko ɗaya ba ta mutu ba. Da kika ji kwalbar rigakafi ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, kuma ba ta ajiyuwa in an buɗe, kika bi gidajen unguwa kina sallama, ke ɗin nan, har aka tsayar da rana malamin dabbobi ya zo kowa ta fito da nata. Laraba ce ta fara zuwa. Ranar na shiga ɗaki na yi kuka, kika tambaye ni, na ce hayaƙi ne. Ba hayaƙi ba ne. Alfahari nake da ke. Na faɗa, ga shi a rubuce.

Kin fi ni sanin sauran, amma uwa ba ta fasa tuni. Kowace safiya kafin ki buɗe akurki ki tsaya ki saurara, numfashin lafiya ba shi da ƙara. Kazar da ta yi atishawa sau ɗaya tana cin busasshiyar dusa, ta ci gaba da tononta, ki sa mata ido kawai. Wadda ta maimaita, ko idonta ya yi ruwa, ki ware ta nan take ki ga yadda za ta kwana. Amma in kin ga tana buɗe baki tana jan numfashi alhali ba gudu ta yi ba kuma ba zafin rana ake ba, ko fuska ta kumbura, ko zanko ya sauya launi, ko ta wuni ba ci ba sha, kada ki jira gobe. In biyu ko uku suka kamu tare, ko kika wayi gari da gawa ba dalili, ko kika ga wuya ya murɗe, wannan ko kina da aji a ranar ki nemi izinin hedimasta ki nemi malamin dabbobi. Ki tambayi inda yake tun makon farko, tun ba ki buƙace shi ba. In babu shi, Gusau ba ta da nisa da ku, kin san hanya. Akurki ya sha iska ta sama, ƙasansa a bushe, ruwa sabo kullum. Naki an yi musu rigakafi watan jiya, kuma a sabon akurki aka ƙyanƙyashe su, amma duk da haka kada su haɗu da na Gwaggonki sai bayan sati biyu. Kariyar ta kowa ce, nata da naki.

Na san abin da ke ranki a nan. Kina cewa yaya za ki shiga gidan Gwaggo, tana ba ki ɗaki da abinci, ki ce mata kajinki ba za su haɗu da nata ba. Kwana da kwanaki ni ma abin yana damuna, don in kika yi shiru irin nawa, kajin Inna sun tafi. To, ki kwantar da hankalinki, ga abin da ya faru jiya kina gidan malamarku wurin sallama.

Gwaggonki ta iso ɗaukar ki, kuma wallahi da zakara ta zo, ja, dogo, kamar wancan ya dawo duniya. Ta tsuguna tana kwance igiya tana cewa in sake shi cikin gajeruna. Na tuna yarinya da kwali a layin shanu. Na tashi na ɗauko kwando na kife shi a gabanta, na ɗora dutse, na ce: "Yaya, an gode, Allah Ya ƙara arziƙi. Amma zai yi sati biyu a nan tukuna. Kuma na ɗiyarki ma haka za a yi musu a gidanki."

Ta dube ni, ta dubi kwandon. Can ta zauna a kan turmi ta ce: "Amarya, sai yau kinka samu baki? Shekara goma sha ɗaya ina jiran ki yi min maganar zakaran nan."

Ashe ta sani. A kasuwa ta saye shi ana jibi suna, ya kwana biyu cikin kajinta kafin ta kawo shi. Ta koma Bunguɗu ta taras nata suna zubewa, ko ɗaya ba ta tsira da ita ba. Da ta ji abin da ya same ni, kunya ta hana ta aiko da jaje. Ta ce duk zuwan da take yi gidan nan, in ta ga gajerun nan sai ta tsokane su, don ba ta san ta inda za ta fara ba. Ni ina jin nauyinta, ita tana jin nauyina, kaji sun mutu a tsakani. Muka yi dariya har Babanku ya leƙo daga zaure yana tambayar ko lafiya, ta ce masa ya koma, maganar manya ce. Wannan zakaran, in ji ta, a gidanta aka ƙyanƙyashe shi, kuma ta riga ta sa an gyara tsohon akurkin bayan rumbu don naki. "Ɗiyar da ta tsai da mai bijimi," ta ce, "ni wa ce da zan yi mata gardama?"

Don haka na share miki wannan hanya. Amma wasu za su zo: uwar ɗaliba da kazar godiya, maƙwabciya da maganin jiƙo, wata rana dangin miji. Ki gaishe su da ladabi, ki durƙusa inda ake durƙusawa. Kunya ado ce, ban ce ki yar da ita ba. Ki dai san inda za ki ajiye ta ki ɗauki kwando.

Ki gaishe da Gwaggonki da mutanen gidan. Ki riƙe sallah a kan lokaci, ki ji tausayin yaran mutane da aka ba ki amana, musamman masu zama a baya ba su magana. Allah Ya kiyaye ki daga sharrin hanya da na baki, Ya ba ki lafiya, Ya albarkaci abin da kika ɗauka. Allah Ya jiƙan Inna.

Zakaran yana nan ƙarƙashin kwando, yau kwanansa ɗaya. Da safe na tsaya a kansa na saurara, ban ji komai ba. Saura goma sha uku.

Wassalam,
Ummanku.